Ranar da Goge Ya Kai Tandalti

Tun da muka dawo Umdurman bayan yaƙin nan, kowa yana faɗin abin da ya rasa: wannan ƙofar gidansa, wancan keken ɗinkinsa, wata kuma ko tukunya ba ta tarar ba. Ni ma na rasa nawa, na kuma yi baƙin cikinsu daidai gwargwado. Amma abin da ke hana ni sukuni shi ne yammacin Alhamis. Da an sallame la'asar sai in ji jikina yana neman wani abu. In tashi, in zauna, in leƙa waje, in dawo. Jikata takan ce, "Jiddo," wato kaka, "me ka ɓatar?" Da Larabci take tambaya, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Nakan ce mata babu komai. Sai kuma tsoro ya kama ni kada ya zama na yi ƙarya, in kira ta in ce, "Ƙara na ɓatar." Ta yi dariya ta tafi, tana ganin tsufa ne.

A ƙarshen layinmu akwai nadi, wato filin da mutanen unguwa suka kewaye da jan bulo don taruwa. Babu wani abin a zo a gani a cikinsa. Dakali ne mai faɗi a gabas, bishiyar dalbejiya a tsakiya, randunan ruwa biyu a bakin ƙofa, sai ɗan ɗakin da ake ajiye bencina. A sauran ranaku tsofaffi ke buga domino a gindin bishiyar suna faɗa da juna. Ranar Alhamis kuwa tun azahar ake fara yayyafa wa ƙasa ruwa, kuma har yau idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin zafi sai gabana ya faɗi kamar na makara. Mukan fito da bencina, mu shimfiɗa tabarmi a gefen mata, mai shayi ta hura gawayinta, ƙamshin jabana, wato gahawa, da citta ya cika wurin. Ni a lokacin tela ne a Kasuwar Umdurman, ina da mata da yara ƙanana. Nakan rufe shago da wuri, in yi nisa, in koma in taɓa kwaɗon, sannan in kama hanya ina tunanin ko na kashe wutar guga.

Wanda bai gani ba zai ce ƙari nake yi, amma a dakalin nan guda ƙasar nan duka take hawa ta sauka kafin rana ta faɗi. 'Yan madihu ke buɗewa, dattawa masu koren rawani da bandirinsu, don a fara da yabon Manzo. Bayansu sai wani ma'aikacin ofis daga Khartum mai farar riga, shi da ud ɗinsa, garayar Larabawa, da abokinsa mai kamanja, gogen Turawa. Wannan mutum yakan daɗe yana murɗa tsirkiya, yana karkata kai kamar mai sauraron gulma, kafin ya buɗe baki. Idan ya buɗe kuwa, manyan mutane sukan rufe ido. Akwai wani dogo daga arewa mai tambur, wani irin molo, wanda mutanensa ke tafi iri biyu a lokaci guda ba su taɓa rikicewa ba. Akwai matan daluka, masu gangar yumɓu da suke gasawa a kan gawayin mai shayi har fatar ta ɗaure, waɗanda bakinsu ya fi hannunsu zafi. Samarin duwatsun Nuba sukan ɗaura kacau-kacau a ƙafa su daki ƙasa har ruwan randa ya motsa. Sai 'yan jaz, masu gita da ƙahon ƙarfe da wando mai faɗin ƙafa, wanda ni na ɗinka musu da hannuna ina istigfari. Duk wanda waƙa ta taɓa yakan tashi ya je gaban mawaƙi, ya ɗaga hannu yana kaɗa yatsu a saman kansa yana cewa "Abshir!", wato albishirinka. Ba a tambayar ƙabilar wanda ya tashi. Yanzu yara suna jin waƙa su kaɗai, da waya a kunne, fuska a murtuke kamar masu shan magani.

Matsalar nadinmu ɗaya ce: bango guda ya raba shi da masallaci. Limaminmu mutum ne mai gaskiya, ba ya son kiɗa kuma bai ɓoye ba. Ya kira shugabannin nadi ya ce, "Ba ni da ikon hana ku. Amma ranar da kiɗanku ya hau kan kiran salla, ranar zan sa takalmina in tafi wurin hukuma da kaina, kuma kun san za a rufe." Aka yi alkawari cewa da ladan ya fara kiran magariba an gama ke nan, babu ƙari, sai wata Alhamis. Sai aka shiga neman wanda zai riƙa sauraron ladan, don a cikin wannan hayaniya makaɗi ba ya jin komai sai kansa. Wani ya ce, "Ku ba telan nan mana. Mutumin da ke sake alwala don ya yi shakkar ko ya wanke kunne, shi ne zai bari kiran salla ya wuce shi?" Aka yi dariya, aka ba ni.

Wurina wani dutse ne a kusurwar bango. Ina hawa in juya wa dakali baya, in fuskanci tagar masallaci inda ladan ke tsayawa. Ladanin dattijo ne ɗan Dungula, siriri, ba ya jin Hausa ko kalma. Yana da al'ada: kafin ya kira yakan ƙwanƙwasa bakin lasifika da yatsa ya ji ko tana aiki. Ni ba na jiran kabbara. Da na ji ƙwas ɗin nan sai in ɗaga hannun dama sama, kuma duk wanda ke kan dakali, ko yana tsakiyar kalma ne, sai ya haɗiye ta. Daga nan aka sa mini Mai Hannu, har yara ba su san sunana na yanka ba. Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne aikin ya yi mini daɗi, don ya raba ni da wata damuwa. Na daɗe ina tambayar kaina ko zama a wurin kiɗa zunubi ne. Da na hau dutsen sai na ce wa zuciyata, ai ni ba kiɗa na zo ji ba, salla nake gadi. Haka na yi shekaru. Farkon yamma ina jin kiɗan da kunne ɗaya, amma da inuwar dalbejiya ta taɓa gindin dakali sai kunnuwan biyu su koma masallaci, in daina jin komai na bayana.

Wanda hannuna ya fi cutarwa shi ne Baba Mai Goge. Shi ne namu, na Hausawa, kuma shi ne na ƙarshe kullum, saboda daga Aljirif yake zuwa, inda yake aiki a wurin masu gasa bulo. Sai ya wanke laka, ya hau mota zuwa Suk al-Arabi, ya sauya wata ta haye gadar Nilu, shi da wani tsoho abokinsa mai buga masa ƙwarya. Waƙarsa ɗaya ce da mutane ke jira, waƙar hanya. Hanyar da iyayenmu suka biyo da ƙafa daga yamma da niyyar Makka, wasu suka isa, wasu suka tsaya tsinkar auduga a Jazira suna tara guzuri har suka haife mu. Yakan fara daga Kano, ya bi zango zango. A kowane gari sai ya sassauta gogen ya yi tambaya: "Wa ya bar nasa a nan?" Wanda ya binne wani a wannan wuri sai ya miƙe ya faɗi sunan mamacin. Baba ya ɗauki sunan ya saka shi cikin waƙa, jama'a duka su amsa, "Allah ya jiƙa." Har Larabawa da Nubawa sun koyi wannan amshi. Ba ya wuce gari sai kowa ya gama tashi. Shi ya sa ba a san tsawon waƙar ba, kuma shi ya sa ba ta taɓa ƙarewa ba. Wata rana hannuna ya same shi a Abashe, wata rana a Janaina. Idan mutane ba su da yawa yakan kai Fashir.

Yakan sauko yana goge izgar gogensa da gefen riga ya ce, "Kai Mai Hannu, iyayenmu da jakuna sun fi ni sauri. Kullum a Fashir kake kwantar da ni, ko kana da mata a can ne?"

In ce, "Baba, ka fara daga Fashir mana mako mai zuwa."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In tsallake matattun garin Lami da na Abashe? In sun tambaye ni in ce musu me? In ce tela ne ya ce?"

Inna, mahaifiyata, tana zuwa kowace Alhamis ta zauna a ƙarshen tabarmar mata, ta rufe rabin fuska da tob ɗinta, wato mayafinta. Ba ta damu da ud ko jaz ba. Tana yarinya ƙarama mahaifiyarta ta rasu a hanya, a wani gari da ake kira Tandalti, bayan Ubayyid, saura kaɗan su ga Nilu. Aka binne ta a gindin wata ƙaya, ayari ya tashi da asuba, ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, don babu wanda zai tsaya. Inna ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Mutanen zamaninsu ba sa kama sunan iyaye, Iya kawai take cewa. Wuri ɗaya ne ta yarda za ta buɗe baki ta faɗe shi, wato a cikin waƙar nan, inda jama'a za su amsa. Na taɓa ce mata in ɗauko Baba ya zo gida ya yi mata. Ta ce, "Ni da kai da bango ne za mu ce Allah ya jiƙa? Iya ba ta samu jama'a ba ranar da aka rufe ta. Jama'a nake nema mata." Shekara da shekaru tana zuwa, kuma hannun ɗanta ne ke tsayar da ayarin kafin ya iso. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. A hanyar gida takan ce, "Yau mun kai Fashir, an gode Allah," kamar wadda ta yi tafiyar da ƙafarta.

Sai ciwo ya kama ta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, ta daina tashi sai an ɗaga ta. Likita ya ja ni gefe ya yi mini maganar da ake yi wa 'ya'ya a gefe. A makon ne ta kira ni ta ce, "Alhamis ka sa a kai ni nadi." Na ce, "Inna, jikin naki." Ta ce, "Jikin nawa ne ya ce a kai shi."

Ban yi barcin kirki ba har ranar ta zo. Na rasa yadda zan yi in gyara rana, sai na ce bari in gyara mutane. Tun ana yayyafa ruwa na fara bin makaɗa ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su rage, don Baba ya hau da wuri. Shugaban 'yan madihu ya saurare ni ya ce, "Don uwa? Ƙasida ɗaya za mu yi, Manzo ba zai yi fushi ba." Dogon mai tambur ya dafa ƙirji ya ce ya bar nasa duka. Samarin Nuba suka ce za su shiga su fita kamar iska. Uwar matan daluka kuwa, wata ƙatuwar mace mai zanen fuska, ta riƙe ƙugu ta ƙare mini kallo.

Ta ce, "Ku zo ku gani, 'yan mata! Mai Hannu yana da baki ashe! Shekara nawa kana yanke mu kamar mai yankan atamfa, yau kai ne da roƙo?"

Na ce, "Hajja, ba don ni ba."

"Na san ba don kai ba, wa zai yi don kai? Wace ce uwar taka? Tsohuwar nan ta ƙarshen tabarma da ba ta taɓa yi mana guɗa ba?" Ta juya ta ce wa yaranta, "Ku sauke dalukar daga wuta. Yau mu 'yan amshi ne." Sannan ta nuna ni da yatsa. "Amma ka ɗinka mini riga kyauta, kuma kada ka tsuke hannun, na san halinka."

Mai ud ne ya ba ni wahala. Ya ce, "Ya ustaz, waƙa ba buhun gawayi ba ce da za a ce a rage kaɗan." Ya yarda da baki, amma da ya hau sai da ya murɗa tsirkiyarsa yadda ya saba, ni kuwa ina tsaye ina auna rana. 'Yan jaz suka ce waƙa biyu kawai, sai Allah ya taimake ni wutar nadin ta ɗauke a tsakiyar ta farko, suka tsaya da gitarsu kamar masu riƙe da muciya. Na yi hamdala, sannan na ji tsoron na yi murna da asarar wani. Duk wannan ya tafi daidai, amma Baba bai iso ba. Motarsu ta tsaya a kan gada. Dakali ya zauna babu kowa, abin da bai taɓa faruwa ba, jama'a suna ta waiwayen ƙofa, lokacin da na roƙo da ƙyar yana zubewa a ƙasa ina kallo. Inna tana kwance a kan angareb, gadon igiyar da muka ɗauko ta a kai, matata tana yi mata fifita.

Da Baba ya shigo, ƙafarsa da sauran laka, bai ko sha ruwa ba. Uwar daluka ce ta tare shi ta gaya masa. Ya dubi inda Inna take, ya dubi rana, ya dube ni, ya ce, "Mai Hannu, yau sa hannun a aljihu." Na ce, "Baba, ka san ba zan iya ba." Ya ce, "Na sani. Hau dutsenka."

Farkon na ji shi. Na ji gogen ya tashi da wannan kukan nasa mai kama da na tsohuwa, na ji Kano, na ji Yarwa. Ya yi tambayarsa a Lami, sai na ji shiru. Mutumin da ke tashi kowane mako saboda mahaifinsa bai tashi ba. A Abashe ma haka, wata mata ce kawai ta faɗi suna da sauri ta zauna. Ashe magana ta zaga tabarmi, mutane suna riƙe matattunsu a ciki don ayari ya yi sauri. Baba bai tsallake gari ko ɗaya ba, kowanne sai ya tsaya ya tambaya, ya ba shirun haƙƙinsa, ya ce, "To, Allah ya jiƙan na nan duka," jama'a su amsa, ya wuce. Na ji Janaina. Na ji Fashir, har wani ya yi ihu, "Mun wuce gidan matar Mai Hannu!" aka yi dariya. Daga nan inuwa ta taɓa gindin dakali, na ga ladan ya shigo masallaci yana gyara hannun riga, sai kunnuwana suka tafi inda suka saba tafiya.

Ban san yadda zan bayyana wannan ba. Ba ƙin ji na yi ba. Shekarun da na yi a kan dutsen ne suka koya wa jikina, ya zama idan lokacin ya yi, bayana yakan mutu. Ina ganin jan rana a kan bangon masallaci yana hawa yana ƙanƙancewa. Ina ganin ladan a taga. Zuciyata tana cewa, idan ka bari kiɗa ya hau kan kira, an rufe nadi, ka ci amanar liman, ka ci ta unguwa, ga kuma Allah. Wata zuciyar tana cewa, uwarka ce. Jan ranar ya ɓace. Ladan ya matso, ya ɗaga yatsa, ƙwas.

Hannuna ya taso da kansa har kafaɗa, na kama shi da na hagu. Na ce a raina, alkawarin kira aka ce, ba ƙwanƙwasa ba, zan jira kabbara, ko harafin farko na ji zan ɗaga. Ban taɓa yin haka ba. Na zuba wa bakin ladan ido. Sai na ga ya juyo ya dubi filin nadi ta taga, ya daɗe yana kallon wani abu a bayana. Sannan ya yi tari. Duk unguwa ta ji tarin nan a lasifika. Ya sake yi. Ya matsa gefe, na ji ƙarar murfin randa, na ji yana shan ruwa a hankali kamar mai buɗe baki da azumi, ya yi gyaran murya, ya gyara rawaninsa da bai kwance ba. Ni dai ina riƙe da hannuna. Da ya dawo ya sa yatsu a kunne ya ja numfashi, na saki hannun ya tafi sama, kabbara ta fito a cikin shiru tsaf, ko ƙwarya ba ta taɓa ta ba.

Da na juyo, kowa yana share fuska. Uwar daluka ta toshe baki da tob. Mai ud, wanda ba ya jin Hausa, ya cire tabarau yana gogewa. Inna tana zaune a bakin angareb, fuskarta a buɗe. Na durƙusa gabanta, ta ce, "Ka ji?"

Na so in ce na ji. Na ce, "Ban ji ba, Inna."

Ta dafa kaina ta ce, "Ai kana bakin aikinka. An amsa mata. Jama'a da yawa."

Matata ce ta ba ni labari a hanya. Ta ce da Baba ya wuce Ubayyid ya ce, "Ga Tandalti, ga ƙaya, wa ya bar nasa a nan?" sai Inna ta ture hannunta ta miƙe ita kaɗai, matar da sai mutum biyu ke ɗagawa. Ta faɗi sunan da ƙarfi, da wata murya ta yarinya da matata ba ta taɓa ji ba. Baba ya ɗauki sunan ya juya shi a goge, ya sake juyawa, 'yan madihu suka sa bandiri a hankali, matan daluka suka karɓi amshi, filin duka ya ce Allah ya jiƙa. A bakin matata na fara jin sunan kakata. Na riƙe shi, na sa wa 'yata ta ƙarshe. Amma muryar da aka faɗe shi da ita, da tsayuwar, ban da su sai a labari.

Bayan salla na tsaya jiran ladan, don abin yana cina. Na ce, "Ya Shehu, an jinkirta kira yau. Laifin a kan wa yake? In a kaina ne ka gaya mini in san abin yi."

Ya ce, "Ya zol," wato kai mutumin nan, "tari ne. Kai ba ka tari?"

Na ce, "Amma rana ta riga ta faɗi."

Ya ce, "Ta faɗi, mun yi salla, an karɓa in Allah ya so. Tafi ka ɗauki uwarka, sanyi na sauka." Ya sa takalmi ya bar ni a tsaye. Liman bai ce komai ba, ranar ko bayanta.

Baba kuwa da zai tafi ya ce mini, "Saura zango ɗaya mu sha ruwan Nilu a Kosti. Wata Alhamis." Inna ta rasu kafin wata ya ƙare. Waƙar ta koma yadda take, mutane suka ci gaba da tashi saboda nasu, ni na ci gaba da tsayar da ita a Janaina ko Fashir. Ba ta sake kai Tandalti ba, Nilu kuwa ba ta taɓa gani ba. Bayan haka zamani ya yi ta canzawa. Aka shiga shekarun da ake tsananta wa kiɗa, matan daluka suka koma cikin gidajen biki, 'yan jaz suka bazu ƙasashen waje, Baba ya kwanta a Aljirif babu wanda ya karɓi gogensa, don 'ya'yansa kunyarsa suke ji. Nadi ya koma wurin kallon ƙwallo a talabijin. Sannan yaƙi ya zo ya kwashe sauran. Matata ta rasu a inda muka yi gudun hijira, muka rufe ta da sauri a garin da ba mu san kowa ba, mu kaɗan, kuma tun ranar nake tunanin cewa yanzu ni ma ina da garin da zan miƙe a kansa, sai dai babu mai tambaya.

Alhamis ɗin da ta wuce na kasa zama, na ɗauki sanda na tafi. Ƙofar nadin babu ita, an sare dalbejiya an yi girki da ita, randa ɗaya ta fashe ɗaya ta tafi. Dakalin yana nan, ciyawa ta fito ta tsagoginsa. Dutsena ma yana nan, don ba wanda zai saci dutse. Ban iya hawa ba, na dai tsaya kusa da shi. A wannan karon na juya wa masallaci baya na fuskanci dakali, na ce yau zan saurara da kunne biyu. Na tsaya har rana ta yi ja. Ba abin da ke motsi sai wata leda da iska ke ja. An gyara lasifikar masallaci, wani yaro ne ladan yanzu, ban san shi ba. A bayana na ji ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ƙwas.

Sai da ya kai tsakiyar kira na lura hannuna yana sama.